Ɗan Manomin Ɗansoshiya da Kuɗin Makaranta

Duk wanda ya taso daga birnin Kano ya miƙi hanyar Zariya, ya ratse a Kwanar Ɗangora a lokacin kaka, ya ga yadda masara da dawa da shinkafa suka cika ƙasar Kiru da Bebeji, ya ci gaba har Tudun Wada, ya keta dajin Falgore ya faɗa Doguwa, lalle zai yi zaton mutanen da Allah ya hore wa irin wannan ƙasa, ga damina mai albarka, ga ruwan madatsar Tiga da aka kammala tun 1974 a zamanin Audu Baƙo, ba za su rasa abin da za su kai 'ya'yansu makaranta da shi ba. Alhali kuwa abin da ke faruwa a ƙauyukan Ɗansoshiya da maƙwabtansu shi ne yaro ya yi haƙuri da talauci har ya gama sakandare, ya ci jarrabawar JAMB, sunansa ya fito a Jami'ar Bayero ko ta Wudil ko ta Ahmadu Bello da ke Zariya, sa'an nan gurbin ya kuɓuce masa sabili da kuɗin rajista. Wannan jarida tana ganin hasarar irin wannan yaro hasarar al'umma ce baki ɗaya, kuma tana ganin akwai magani a kusa, in an so a nema.

Dattawan da suka yi karatu a zamanin En'e suna iya ba da labari cewa a da hukuma ce ke bin ɗalibi, ba ɗalibi ke bin hukuma ba. Tun daga Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, har zuwa farkon Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, baitulmali ne ke ɗaukar nauyin yaron da aka ga alamar fahimta a tare da shi, a ciyar da shi, a tufatar da shi, har a ba shi kuɗin mota in an yi hutu. Wannan zamani ya wuce, ɗalibai sun yawaita, aljihun hukuma ya ƙuntata, kuma tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, da ƙarin kuɗin rajista da jami'o'i da dama suka yi a wannan shekarar, har da Jami'ar Bayero, nauyin ya koma kacokan a wuyan iyaye waɗanda dukiyarsu ba ta wuce abin da ke cikin rumbu ba.

Duk da haka ƙofofin taimako ba su rufe ba, kuma wajibi ne mu bayyana su dalla-dalla, domin rashin sani ya fi rashin kuɗi cutar mutanenmu a wannan mas'ala. Babbar ƙofa a yau ita ce asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, wanda ake kira NELFUND. An fara sa hannu a dokarsa a watan Yuni na 2023, amma da sharuɗɗan da suka yi wa talaka tsauri, har da kawo masu tsaya wa ɗalibi daga cikin manyan ma'aikatan gwamnati ko lauyoyi ko alƙalai, abin da manomin Ɗansoshiya ba shi da hanyar samu ko da zai yi shekara yana yawo. Da aka gane haka sai aka soke wannan doka, aka sa hannu a sabuwa a watan Afrilu na 2024, aka cire sharaɗin mai tsayawa da na ƙididdigar abin da iyaye ke samu, aka buɗe karɓar buƙatu a ranar 24 ga Mayu, 2024. Tsarin kuwa shi ne asusun ya biya kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a ko kwaleji ta gwamnati, ta tarayya ce ko ta jiha, sa'an nan ya riƙa sa wa ɗalibin da ya nema Naira 20,000 a asusunsa na banki kowane wata domin guzuri. Ba a fara biyan bashin sai shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa, a riƙa cire kashi goma cikin ɗari na abin da mutum yake samu, kuma babu kuɗin ruwa a kai.

Wannan batu na ƙarshe shi ne ya fi cancantar a tsaya a kansa, domin mun sani akwai iyaye masu tsoron Allah da suka hana 'ya'yansu neman rancen don gudun faɗawa cikin riba, kuma wannan tsoro abin girmamawa ne, ba abin raini ba. Amma abin da shari'a ta haramta shi ne rancen da ke jawo ƙari ga mai bayarwa. Rancen da aka ba mutum don ya biya buƙata, ya mayar da daidai abin da ya karɓa ba tare da ƙarin ko kwabo ba, shi ne malaman fiƙihu suke kira ƙarzu hasan, kuma sun ƙidaya shi cikin ayyukan alheri. Muna roƙon limaman Juma'a na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa su nemi dokar su karanta, ko su sa a karanta musu, in sun gamsu su faɗa a kan mumbari, domin kalma ɗaya daga bakin liman ta fi sanarwa goma ta rediyo shiga zuciyar uba.

Akwai kuma ƙofofin jiha. Hukumar ba da tallafin karatu ta Jihar Kano tana nan, kuma abin da take bayarwa kyauta ne, ba rance ba. A 2023 gwamnatin jiha ta rage rabin kuɗin rajista a manyan makarantunta, ta biya wa ɗalibai 'yan jiha 7,000 kuɗin rajista a Jami'ar Bayero, ta kuma ɗauki nauyin wasu zuwa ƙasashen waje, irin su Indiya da Uganda, don digiri na biyu a ƙarƙashin shirin ɗalibai 1,001. Gwamnatin tarayya ma tana da tata hukumar tallafin karatu, ga asusun PTDF ga masu karatun da ya shafi man fetur. Mun yaba da waɗannan duka. Illarsu ita ce ba su da ajali sananne da uba zai dogara da shi ya yi lissafi, sukan zo ne lokacin da mahukunta suka ga dama, labarinsu kuma yakan gama zagaya unguwannin birni kafin ya tsallaka Falgore.

A nan ne muka iso ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. Yawancin waɗannan ƙofofi ta intanet ake shigarsu, kuma sukan nemi lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, da lambar banki ta BVN, da lambar JAMB, da takardar samun gurbi, wasu har da takardar shaidar ƙaramar hukuma. Ga ɗan birni wannan aikin yini guda ne. Ga yaron da ya fito daga wani ƙauye a gefen dajin Ɗansoshiya kuwa, sai ya biya ɗan acaɓa ya fito bakin titi, ya sami shagon da ke da kwamfuta da janareto, ya jira sabis ya dawo, sa'an nan mai shago ya juyo ya ce masa, “Ƙanena, ai sunanka na JAMB bai zo ɗaya da na NIN ba, ranar haihuwarka ma daban ce a banki.” Laifin ba nasa ba ne: malamin firamare ya rubuta sunan da wani harafi, ma'aikacin rajista ya rubuta da wani, ranar haihuwa kuma an ƙiyasta ta ne domin ba a asibiti aka haife shi ba. Amma gyaran wannan harafi guda yana iya cin makonni da kuɗin mota da kuɗin rantsuwa a kotu, kafin a gama wa'adi ya cika. Da yawa daga cikin yaranmu a wannan mataki suke sarewa, ba a ɗakin jarrabawa ba.

Sa'an nan ga wani giɓi da ba a cika maganarsa ba, ko da yake shi ne ya fi kowanne haɗari. Rancen ba ya isa ga ɗalibi sai makarantarsa ta san da shi, ta aika da bayanansa, an tantance. Kafin nan kuwa akwai kuɗin karɓar gurbi, da kuɗin mota zuwa tantancewa, da kuɗin ɗakin kwana, da katifa da abinci na watannin farko, sau da yawa har da ita kanta rajistar in makaranta ta sa wa'adi kafin kuɗin asusu su sauka. Wannan duka daga gida zai fito. Sai ka ga dattijo a kasuwar Kwanar Ɗangora tsaye kan buhunan masararsa da tsakar kaka, lokacin da hatsi ya fi araha, ɗan sari yana taya masa da abin da bai kai wahalarsa ba, shi kuwa ba shi da ikon ya ce albarka, domin yaro ya ce masa, “Baba, jibi ake rufewa.” Masarar da zai ci da iyalinsa har bazara, ko ya sayar da daraja in ta yi tsada, ita ce ke tafiya a yini ɗaya. Wanda ba shi da buhun sayarwa kuwa sai ya ce wa yaro ya yi haƙuri sai baɗi, baɗin da sau da yawa ba ta zuwa, musamman in ɗalibar mace ce, domin kafin shekara ta zagayo an tsayar da maganar aure. An kuma sha jin koken ɗaliban da suka biya da kansu, daga baya asusu ya biya makaranta, amma mayar musu da nasu ya zama jan aiki. Wannan haƙƙi ne da ya wajaba shugabannin makarantu su sauke ba tare da jinkiri ba.

Wannan giɓi ba Abuja ce za ta cike shi ba, kuma ba mu ga dalilin da zai sa a jira ta ba, alhali addininmu ya riga ya shimfiɗa mana hanya. Ƙasar da ke noma kamar wannan tana fitar da zakka mai yawa: ushiri, wato ɗaya cikin goma, ga abin da ruwan sama ya shayar, da rabin haka ga abin da aka shayar da wahala da injin ban-ruwa, muddin amfanin ya kai nisabi. A mazhabar Malikiyya kuma asali shi ne a raba zakka a wurin da ta wajaba, kuma ɗalibi matalauci yana cikin masu haƙƙi a kanta sabili da talaucinsa. Bayan zakka ga waƙafi, wanda da shi aka riƙe manyan makarantun Musulunci irin su Azhar ta Misira da Ƙarawiyyin ta Fas ɗaruruwan shekaru, har sarakunan Kanem suka tanadi masauki a Alƙahira domin ɗalibansu tun ƙarni na 13. Jihar Kano tana da Hukumar Zakka da Hubusi, kuma mutanen Bebeji ba baƙi ba ne ga irin wannan himma, tun da a ƙasarsu Gidauniyar Jihar Kano ta gina makarantar sakandare da gudummawar jama'a. Me zai hana kowace gunduma, a ƙarƙashin hakimi da dagatai da malamai, ta keɓe rumbu guda na ɗalibai, a tara hatsi da kaka, a adana shi har ya yi daraja, a riƙa fitar wa duk yaron da ya kawo takardar samun gurbi abin da zai kai shi makaranta ya zauna har rancen ya iso? Yadda za a raba tsakanin abin da yake zakka, wanda dole a mallaka wa mai haƙƙi, da abin da yake sadaka ko waƙafi, wanda ake iya juyawa, aikin malamai ne, kuma muna da su. Abin da muke sharɗantawa kawai shi ne a rubuta kome, a karanta lissafi a bainar jama'a, kada kuma a bar siyasar jam'iyya ta kusanci bakin rumbun.

Ga shugabannin ƙananan hukumomin nan huɗu, buƙatarmu ƙarama ce ƙwarai in an gwada da abin da suke kashewa a wasu hidimomi: ɗaki guda a sakatariya, da kwamfuta, da wutar sola, da ma'aikaci amintacce wanda aikinsa shi ne cika wa ɗalibai takardun neman rance da tallafi kyauta. Doguwa, wadda hedikwatarta ke can Riruwai, ta fi kowa buƙatar a riƙa zagayawa da wannan aiki ranakun kasuwa. Kwalejin share fagen shiga jami'a da ke Tudun Wada ita ma tana iya zama cibiya, tun da ɗalibanta su ne masu buƙatar gobe. Shugabannin sakandare kuma su duba takardun yara tun suna aji biyar, a daidaita suna da ranar haihuwa kafin a yi rajistar JAMB, domin gyara a lokacin ya fi sauƙi.

Ku kuma ɗalibai, 'ya'yanmu, ku nemi rancen nan ba tare da jin kunya ba, amma ku riƙe a zuci cewa bashi ne, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani mai girma a kan rubuta bashi ta sauka. Mun ji wasu na cewa ai kuɗin gwamnati ne, ba mai tambaya. Wannan magana ce ta gafala, domin abin da kuka mayar da shi za a ba ƙannenku. Kada ku ba kowa ko sisi da sunan zai sa a amince da buƙatarku, domin neman ba a biyan kome a kansa, kada kuma ku bar lambobinku na sirri a hannun mai shago. Waɗanda suka riga suka samu, in sun dawo hutu, su zauna da na bayansu a makarantar garinsu su nuna musu yadda ake cikawa, ƙungiyoyin ɗalibai na kowace ƙaramar hukuma kuma su tattara sunayen duk waɗanda suka sami gurbi bana su miƙa wa hakimai kafin a fara casar masara.