Kuɗin Masallaci a Nima da Maamobi: Wa Ke Duba Littafin?

A ƙarshen watan Mayu na 2019, Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ajiya da bashi guda 347 a rana ɗaya. Da yawansu sun riga sun durƙushe tun kafin sanarwar, saboda shugabanninsu suna juya kuɗin jama'a yadda suka ga dama, littattafansu kuma ba sa nuna gaskiya.

'Yan uwa, wannan ciwo yana nan cikin ƙungiyoyinmu na Zango, sai dai ba ma son faɗa. Ana zagaya akwati ranar Juma'a, ana tara gudummawar gini da ta Islamiyya, kuɗin kuma yana hannun dattijo ɗaya mai amana. Ranar da Allah Ya karɓi ransa, ba wanda ya san abin da ya rage, ko da sunan wa aka sayi fili. Daga nan rigima da magada take farawa, makaranta ta tsaya.

Dokar kamfanoni ta 2019, wato Act 992, ta ɗora wa ƙungiyar da ta yi rajista a ƙarƙashinta naɗa odita da miƙa bayanin kuɗinta duk shekara. Wasu suna rajista ne don buɗe asusun banki kawai, sai su manta da sauran. Wanda ya nemi ganin rasit kuwa, a ce ba ya da ladabi. Alhali Bukhari ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ibnul Lutbiyya hisabi kan zakkar da ya karɓo, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 cikin Baƙara, a kan rubuta bashi take.

Haka nan Asusun Raya Zango da gwamnati ta kafa da dokar 2017. Kuɗin ƙasa ne, don haka yana ƙarƙashin binciken Babban Odita, wanda tsarin mulkin 1992 ya ɗora wa kai rahoto Majalisa. Rahotannin a buɗe suke a intanet, ɗalibanmu na Legon za su iya karantawa su fassara wa jama'a. Amma kwamitin da bai taɓa karanta lissafinsa bayan sallar Juma'a ba, da wane baki zai tambayi gwamnati nata?

Ƙaramin masallaci ba sai ya ɗauki babban kamfanin odita ba. Asusun banki da sunan masallacin, sa hannun mutum biyu kafin a cire kuɗi, da wani akanta daga wajen kwamiti da zai duba littafin kafin kowane Ramadan sun isa a fara.