Rajistar Saƙonnin Talla: Me Za A Ajiye, Me Za A Goge?

Duk saƙon tallan da ya shigo waya yana barin sawu a rumbun kamfanin da ya aiko shi: lambar mai karɓa, lokacin aikawa, da ko ya isa. Dokoki biyu ne ke jan wannan rajista. Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ta wajabta wa masu samar da hanyoyin sadarwa adana bayanan zirga-zirgar saƙonni na shekara 2. Ita kuwa Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta hana riƙe bayanan mutum fiye da buƙata, kuma tarar manyan kamfanoni kan kai naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekara, duk wanda ya fi yawa.

Mafita ita ce rarrabewa. A adana shaidar amincewar mutum da ranar da ya ce a daina aiko masa, domin su ne hujja gaban hukumar NDPC. Ragowar a sa musu wa'adin gogewa, a kulle su da lambobin sirri, a taƙaita masu dubawa. Ma'aikatun da ke ɗaukar 'yan kwangila don aika sanarwa su rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin yarjejeniya, domin idan bayanai suka fita, ma'aikatar ma za a tuhuma.