Ku da kuke son a yi karo-karo a sayo injin harsashi, ku zo mu yi magana

1/ Kwanan nan samarin yankinmu sun fito da wata sabuwa. Wai a haɗa kuɗi a sayo injin ɗura harsashi daga Amurka, irin na manyan bindigogi, a ajiye wa 'yan sa-kai a Ngaski ko Shanga. Har an fara musu a kan wanne ya fi ƙarko, RCBS ko Hornady. Jama'a, wannan shawara banza ce, kuma zan faɗi dalili. Mai zagi ya karanta har ƙarshe tukuna.

2/ Ba ina raina fushin kowa ba. Ni ma ɗan ƙasar Yauri ne. Na san abin da ya faru ranar 17 ga Yuni 2021 a makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri. An kwashe yara da rana tsaka, wasu 'yan matan sai 2023 suka dawo gida. Wanda ya ga haka bai ji yana son riƙe makami ba, a binciki zuciyarsa.

3/ Amma fushi daban, lissafi daban.

4/ Mu fara da injin kansa, don na lura da yawa masu maganar a bidiyo kawai suka gan shi. Ba ya ƙera harsashi daga babu. Aikinsa ya karɓi kwanson da aka riga aka harba ya mayar da shi mai amfani, kuma duk sauran kayan haɗin daga masana'anta suke zuwa. Bature a garejinsa yana da shagon da zai saya a bayan gida, da dokar da ta ba shi dama. Kai a Wara wa zai sayar maka?

5/ Harsashin da ake ta yi wa kirari kuma, wanda suke kira .50 BMG, kaurinsa milimita 12.7 ne, tsawonsa ya kusa santimita 14. John Browning ya tsara shi wa sojan Amurka a ƙarshen yaƙin duniya na ɗaya, don motoci masu sulke da jirage. Bindigar Barrett da ke cin sa ta haura kilo 12 kafin ka ɗora mata komai. Wannan za a saɓa a bi sawun mutanen da ke kan babur?

6/ Kuma idan ka harba ka kuskure, yana iya tafiyar sama da kilomita 6 kafin ya faɗi. Ka tsaya a bakin ruwa a Yelwa ka auna kilomita 6 a ranka. Gungu nawa, kwale-kwale nawa, ɗakin laka da na kara nawa ke tsakani? Katangar gidajenmu ba ta tare irin wannan. Yarinyar da ke daka a tsakar gida ba ta ma ji ƙarar ba zai same ta.

7/ Yanzu ga tambayar da ba wanda ya amsa min. A duk faɗin dajin nan, waye ke da bindigar da ke cin irin wannan harsashi, kuma waye ke da tulin kwanso? Ba maharbin ƙauyenmu ba ne. Shi adakarsa ta baki ake ɗura mata albarushi, ba ruwanta da kwanso. Mai bindigar jigida da ta harbo jirgi shi ne ɗan ta'adda. Ku tuna su suka kakkaɓo jirgin yaƙin sojan sama a Zamfara a Yulin 2021.

8/ Abin da ya fi ci wa ɗan bindiga tuwo a ƙwarya shi ne harsashi. Bindiga sau ɗaya ake saye, harsashi kullum ne. Shi ya sa kusan ko yaushe za ka ji an kama wani ko wata a hanya da harsasai a ɓoye cikin buhu ko jarka za a kai daji. To kai kuma ka zo ka ajiye musu injin da ke warware wannan matsala a wani ɗaki mai ƙofar langa-langa, mai gadi ɗaya da tocila. Wallahi kwana nawa kuke jin zai yi a hannunku? Kura ce fa kuke shirin ba ajiyar nama.

9/ Za ku ce ai a sirrance za a yi. Wane sirri? Abin da tun ba a saya ba ana musunsa a bainar jama'a?

10/ A Maris ɗin 2022 'yan sa-kai sama da 60 aka kashe a yankin Sakaba, nan maƙwabtanmu a masarautar Zuru. Allah ya jiƙan su. Shiri suka yi za su je su far wa 'yan bindiga, labari ya riga su isa, aka yi musu kwanton ɓauna. Infoma ya kashe su kafin a harba harsashi ko ɗaya. Ko kowannensu na rataye da Barrett, wanda aka yi wa zobe cikin duhu an gama da shi.

11/ Sai doka, wadda na san ba ku son jin ta. Dokar makamai ta 1959 tana nan. Ko bindigar toka tana buƙatar izinin kwamishinan 'yan sanda, ta farauta ta zamani sai na Sufeto Janar, na yaƙi kuwa sai shugaban ƙasa. Haɗa harsashi ba izini laifi ne mai ɗauri. Gwamna guda, Matawalle, ya ce wa mutanen Zamfara su nemi bindiga a Yunin 2022, hukumomin tsaro na tarayya suka ce ba su san zancen ba. Gwamna ke nan. Kai ɗalibi ko mai cajin waya, in kwastan suka buɗe kwalinka, wa zai tsaya maka? Waɗanda suka zuga ka za su goge saƙonninsu su yi shiru.

12/ Akwai kuma abin da manya ke faɗa ƙasa-ƙasa. A Zamfara, makami a hannun wanda ba ya jin umarnin kowa yana cikin abin da ya hura wutar: a tare Bafulatani a kasuwa a kashe ba shari'a, danginsa su shiga daji su dawo da ramuwa. Mu a nan Gungawa, Kambari, Dukkawa, Sarkawa, Hausawa da Fulani ruwa ɗaya muke sha, kasuwa ɗaya muke ci. Ranar da rikicin gona ko na wurin su ya tashi, injin nan ba zai tambayi dalilin da aka sayo shi ba.

13/ Wani ya ce min ai har dorina za a riƙa maganinta da shi. Haba malam. Dorinar da ta addabi mutanen Yauri a 2024 da zago aka kashe ta, mashin da kakanninmu suka sani tun kafin a datse ruwa a Kainji a 1968. Wannan hujjar a bar ta.

14/ "To mu zauna a yanka mu?" Ban ce ba. Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a farkon 2024. Suna da nasu matsalolin, ban wanke su ba. Amma aƙalla akwai suna a rajista, akwai albashi, akwai wanda za a kama in an yi ba daidai ba. Maharbanmu sun san kowace hanyar shanu da kowane mashigi daga nan har iyakar Neja. Wannan sanin ne soja ba shi da shi, kuma shi ne ba a biyan su a kai.

15/ In har kuɗin karo-karon nan da gaske akwai su, ku sayi oba-oba a raba wa masu unguwanni a ƙauyukan da ba sabis. Ku zuba mai a babura da jirgin ruwa ɗaya da zai iya tsallakar da wanda aka harba zuwa asibiti a Yelwa cikin dare. Ku ware wani abu don matan 'yan sa-kan da suka mutu, waɗanda yau ba mai leƙa su.

16/ Sauran ƙarfin kuma a kai shi ƙofar masu kuɗin tsaro. Shugabannin ƙananan hukumomin Yauri, Ngaski da Shanga, da 'yan majalisarmu na Birnin Kebbi da Abuja, su fito su faɗa mana maharba nawa aka yi wa rajista, nawa ake ba su a wata, kuma minti nawa ake ɗauka kafin jami'ai su isa ƙauye in an kira. Zan rubuta takardar da daren nan. Mai son sa hannu ya yi min magana, har da ku masu RCBS.