Rashin jin Japananci bai isa ya hana Bajigawe cin sushi ba

Malamin jami'a ko ɗan kasuwa daga Dutse da tafiya ta kai shi Japan, abin da ya fi damunsa bayan masauki shi ne abinci. Wasu kan ƙare tafiyar da biskit da garin da suka ƙunso daga gida, don tsoron shiga gidan abincin da ba su jin harshen masu shi. Wannan tsoro asara ne, kuma yana da magani.

Sushi dai shinkafa ce da aka gauraya da ruwan tsami, a ɗora mata kifi, galibi ɗanye. Wanda ya saba da shinkafar Auyo da kifin kogin Haɗeja, ɗanyen ne kawai zai zame masa sabo. Akwai kuma nau'in da ake yi da dafaffen jatan lande ko kokwamba.

Hanya mafi sauƙi ita ce gidajen da faranti ke zagayawa a kan bel, tsarin da Yoshiaki Shiraishi ya fara a yankin Osaka a 1958. A gidaje irin su Sushiro da Kura Sushi, mutum kan zaɓi abin da yake so a allon kwamfuta mai hotuna da Turanci, ya ga farashi kafin ya taɓa.

Ƙananan gidaje masu tsada kuwa sai an kama wuri tun da wuri, ta manhajoji irin su TableCheck ko ta ma'aikatan otal. A can ne ake yin "omakase", wato a bar wa mai dafawa zaɓi. Kujerun kaɗan ne, kuma kifin ranar aka saya da lissafin baƙi, shi ya sa wanda ya fasa zuwa a ƙurarren lokaci ake iya cazarsa kuɗin abincin gaba ɗaya. Lokacin Malam Bahaushe ba ya aiki a nan.

Babban abin lura ga Musulmi shi ne mahaɗi. A mazhabar Malikiyya abincin teku halal ne, amma Japanawa na zuba mirin da sake, waɗanda ke ɗauke da giya, a wasu miyoyin da ake shafa wa kifi da kuma a wainar ƙwai. Don haka matafiyi ya rubuta buƙatarsa da Japananci ta manhajar fassara, ya aika lokacin kama wuri, ba sai ya zauna ba. Idan gidan ya ce ba zai iya ba, ya nemi wani.

Sauran ladubban ba su da wuya: cin sushi da hannu ba abin kunya ba ne, ba a barin tukuici, kuma turare mai ƙarfi na damun maƙwabcin zama. Matambayi ba ya ɓata, ko da wayarsa ce ke yi masa tambayar.