KAFIN A ƘARA WA STARLET ƘARFI, A FARA DUBA BIRKINTA



Akwai wata magana da ta yi yawa a bakin matasanmu masu tuƙa mota, musamman masu Starlet, wato yadda za a ƙara wa tsohuwar mota ƙarfi da ɗan kuɗi kaɗan. Wani ya ce a cire injin a sa wanda ya fi shi girma, wani ya ce a huda salansa, wani ma har turbo yake mafarki. Tun da motocin nan a layukanmu suke bi, kuma iyayenmu da matanmu su ke hawa zuwa Maiha da Michika da Hong, muna ganin ƙungiya na da haƙƙin tofa albarkacin bakinta.

Ba mu ce neman ƙarfi laifi ba ne. Duk wanda ya ga ƙarshen Oktoban 2014, lokacin da Boko Haram ta shigo Mubi jama'a suka watse, ya san darajar motar da ke tashi a bugun farko ta kuma hau tudu ba ta yi gardama ba. Abin da muke ja da shi shi ne inda ake fara zuba kuɗin.

Kamfanin Toyota ya daina ƙera asalin Starlet tun 1999, ya maye gurbinta da Yaris. Ke nan mafi ƙuruciya a cikin waɗanda ke tashoshinmu ta haura shekara ashirin da biyar, wasu kuwa na shekarun 1980 ne. (Sabuwar Starlet ɗin da aka fito da ita a Afirka a 2020 suna kawai suka haɗa, Suzuki Baleno ce aka sauya wa tambari.) Sirrin tsohuwar shi ne rashin nauyi. Gangar jikinta tsakanin kilo 700 zuwa 900 take, shi ya sa ɗan injin mai lita 1.0 ko 1.3 yake isarta ta yi ta tsalle kamar barewa, ba ta kuma shan mai. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023, wannan rashin shan man ne ya riƙe gidaje da dama.

To amma a yi lissafi. Mota mai kilo 750, a zuba mata mutum shida, kusan kilo 400 ke nan, a ɗora buhun masara huɗu a baya, wani kilo 400 ɗin. Nauyinta ya ninka. Injin da aka yi don ya ja kilo ɗaya yanzu biyu yake ja. Sai direba ya ce mota ba ta da ƙarfi, alhali lodi ne ya cinye ƙarfin. Sauke buhu biyu zai ba shi abin da sabon inji ba zai ba shi ba, kuma ko sisi bai kashe ba. Mun san amsar da za a ba mu: da lodin ake fitar da kuɗin mai da na balas. Gaskiya ne, ba mu musa ba. Sai dai kuɗin buhu biyun nan ana mayar da shi wajen sayen kuloci da shokozoba da taya, kawai dai ba rana ɗaya ake biya ba, shi ya sa ba a ganinsa.

Abu na biyu, yawancin motocin nan ba ƙarin ƙarfi suke buƙata ba, wanda suka zubar a hanya za a dawo musu da shi. Injin 2E mai lita 1.3 ya fito daga kamfani da ƙarfin doki saba'in da wani abu. Bayan shekara talatin cikin ƙurar hunturu da gurɓataccen mai, ringi ya cinye, bawul ba ya rufewa daidai, kafireto ya toshe, fulogi ya ƙone, taimin ya goce. Bakaniken da ya san aikinsa zai fara auna matsin kowace silinda kafin ya ce a sayi komai. Idan matsin ya faɗi, a sauya ringi da gasket, a goge bawul. A wanke kafireto, a sa fulogi na kirki da wayoyinsa, a daidaita taimin, a sa sabuwar matatar iska. Duka wannan bai kai kuɗin injin ɗan Beljiyam ba, kuma mai mota zai ji bambancin tun daga hawan farko.

Akwai dabaru uku da suka zama ruwan dare waɗanda muke roƙon a bari. Cire matatar iska wai don inji ya yi numfashi: a garin da ƙura ke rufe rana daga Disamba zuwa Fabrairu, wannan tamkar zuba wa inji yashi ne da hannu. Huda salansa: ƙara ce kawai ke ƙaruwa, sai kuma tsofaffi da jarirai da aka hana barci. Sai cire tamostat da zarar mota ta fara zafi. Tamostat ba shi ke kawo zafi ba sai in ya maƙale. Galibi lagireto ne ya toshe da tsatsa saboda ruwan rijiya da ake ɗura masa, ko fanka ba ta juyawa, ko famfon ruwa ya gaji. In aka cire shi, inji kan daɗe bai kai zafin da yake aiki da kyau ba, ya ƙara shan mai, ya kuma ci kansa da wuri.

Maganar sauya inji kuwa tana da mataki. Wanda motarsa ke da 1E mai lita 1.0 ya koma 2E, wannan abu ne mai sauƙi, dangi ɗaya ne, gangar ma an yi ta don ta ɗauki kowannensu. Mu ba mu ga aibinsa ba. Wanda ya ce zai sa 5E mai lita 1.5, irin na Tercel da Paseo, shi ma zai zauna, amma aikin ya fi haka. Injin ne mai fesa mai da kwamfuta, yana buƙatar kwamfutarsa da wayoyinsa da famfon mai mai matsi. Abin da aka saba yi shi ne a jefar da duk waɗannan a liƙa masa tsohon kafireto, sai a ƙare da inji mai nauyin kuɗi wanda bai ba da ƙarfin da aka saye shi dominsa ba. Kuma duk wanda ya sauya inji ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar injin, ya je a gyara takardun mota. Garin kan iyaka muke, shingen bincike ba ya ƙarewa tsakanin nan da Yola, kuma injin da ba a san asalinsa ba kan jefa mai gaskiya cikin shari'ar da bai san farkonta ba.

Turbo kuwa, ga masu kallon bidiyo a waya suna ganin Starlet na tsere a Japan da Ingila: wannan GT Turbo ce, kamfani ya yi ta da ƙarfin doki kusan 135, ya kuma yi mata fistin da birki da giya da sanyaya inji daidai da wannan ƙarfin. Ɗaura turbo a kan injin da ya riga ya gaji, da man da ba a tabbatar da tsabtarsa ba, hanya ce ta narkar da fistin. Jarin da aka tara shekara da shekaru sai ya tafi cikin mako guda.

Inda hankalinmu ya fi tashi shi ne birki. Birkin Starlet ƙarami ne, an yi shi daidai da mota mara nauyi. Idan gudu ya tashi daga kilomita 60 zuwa 90 a awa, nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ya ninka fiye da sau biyu, domin da gudu da nisan tsayawa ba tafiya ɗaya suke ba. A haɗa wannan da lodin da ya ninka nauyi, a kan gangaren duwatsun da ke gabashinmu wajen iyakar Kamaru, inda ake taka birki ba sassauci har ya yi zafi ya daina kamawa. Man birki yana shan danshi, in ya tsufa yakan tafasa, direba ya taka ya ji ƙafarsa ta nutse. Ya kamata a sauya shi duk shekara biyu, amma a tambayi masu mota nawa ne suka taɓa yi. Taya ma haka. A gefen kowace taya akwai lamba huɗu, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra tana ɗaukar wadda ta wuce shekara huɗu a matsayin wadda ta ƙare, ko da zanenta na nan.

Saboda haka shawararmu ga duk ɗan ƙungiya mai ɗan kuɗi a hannu: birki da taya da shokozoba tukuna, sannan lagireto, sannan a farfaɗo da injin da ke ciki. In har bayan wannan ana ganin ƙarfi bai isa ba, sai a yi maganar sauyi. Makanikanmu kuma, ku ne ake jin maganarku fiye da tamu. In yaro ya zo da kuɗin inji birkinsa kuwa ya mutu, ku faɗa masa gaskiya ko da zai tafi wani gareji.

Sannan gwajin mota bayan gyara, don Allah a fita da ita bayan gari. Layukan Sabon Layi da safe da bayan la'asar cike suke da yara 'yan makaranta da 'yan Islamiyya. Za mu sa wannan batu cikin ajandar taronmu na wata, muna kuma gayyatar direbobi da makanikai da shugabannin tasha su zo da nasu hujjojin.

Sakatare, a madadin ƙungiya.