Zawon Da Ya Ƙi Jin Magani: A Duba Ƙaramin Hanji

Fankiriyas wata gaɓa ce da ke kwance a bayan tumbi, wadda ke zuba ruwan narkar da abinci cikin ƙaramin hanji. Idan kumburinta ya daɗe, ruwan yakan ragu, sai majinyaci ya rame, yana zawo mai maiƙo. Likita kan ba shi kafso da ke maye gurbin ruwan. To, in zawon ya ƙi tsayawa fa?

A ganina, kuskure ne a tsaya ga ƙara yawan kafso kawai. Wani nazari da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa kusan ɗaya cikin uku na masu wannan ciwo, bakteriya sun yi musu yawa a ƙaramin hanji. Ƙarancin ruwan fankiriyas na ba su damar hayayyafa, haka kuma magungunan rage zafi masu ƙarfi, domin sukan rage motsin hanji. Su kuwa bakteriyan sukan ɓata ruwan matsarmama mai narkar da kitse, su kuma cinye bitamin B12.

Gwajin numfashi bayan shan gulukos kan taimaka wajen gano wannan matsala. Saboda haka ya kamata malamai su cusa wa ɗalibai cewa a asibiti ake neman gwaji, kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a kemis bisa zato.