Tabulet ko Laftof: Wanne Za A Saya Wa Yaro?

Iyaye da ɗalibai, da yawanku kun tara ɗan abin da ya sawwaƙa don saya wa yaro kwamfuta, amma kun rasa wadda za ku ɗauka. To ga ra'ayina.

Tabulet dai kamar allo take, gilashi ne zalla, da yatsa ake sarrafa ta. Tun da iPad ta fito a 2010 irinta suka yawaita, masu araha kuwa galibi Android ne. Nauyinta bai cika wuce rabin kilo ba, cajar waya ma tana iya yi mata, kuma batirinta yakan kai wuni. A unguwar da wutar NEPA sai an ga dama, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wajen karatu da sauraro babu kamarta. Haruffanta a kan gilashi suke, don haka kana iya juya su zuwa Larabci nan take, ko ka sami ƙ da ɗ da ɓ ba wahala.

Amma fa ɗalibi, karatu daban, aiki daban. Laftof tana da madannai na gaske, ta fi nauyi, ta fi shan wuta, sai dai a kanta ake koyon buga rubutu da yatsu goma, da ajiye fayil, da Word da Excel. Ku tuna, tun 2015 jarrabawar JAMB gaba ɗaya a kan kwamfuta ake yin ta. Yaron da ya saba da shafa gilashi kawai, ran nan hannunsa rawa zai yi, alhali ya san amsa. Shi ya sa nake ganin wanda ya shiga babbar sakandare laftof ta fi dacewa da shi, ko da mai araha ce. Tabulet a bar wa ƙannensa, da sa ido, domin wasanni sun fi saurin shiga cikinta.

Sai dai iyaye, araha ba ta ado. Mai ram 4GB da ma'ajiya 64GB da ƙyar take ɗaukar Windows 11, kuma Microsoft ta daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025. In da hali a nemi mai 8GB. In ta hannu ce, kafin ku biya ku cire caja a gaban mai shago ku ga minti nawa batirin zai yi.